Akwati, Benci da Ƙafar Mai Aiki

A shekarar 1936 wani manomi a tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin yana huɗa a wata fadama da aka janye ruwanta, mai suna Mästermyr, sai garmarsa ta yi karo da wani abu. Da ya tona sai ga akwatin katako an naɗe shi da sarƙar ƙarfe. Tsawonsa santimita 90, faɗinsa 26, tsayinsa 24. A cikinsa da kewayensa an tsinci abubuwa fiye da 200: guduma manya da ƙanana, awartaki, zarto, magagari, gizago, gatari, ƙarafan huda katako, ƙananan uwar maƙera, makullai, har da ma'auni. Masana sun ce akwatin ya kai shekara dubu, tun zamanin mutanen da ake kira Viking, kuma ana kyautata zaton mai shi maƙeri ne kuma masassaƙi da ke yawo da sana'arsa. Kayan suna gidan tarihin ƙasar a birnin Stockholm.

Duk abin da mai aikin hannu ke bukata yana cikin akwatin nan, ban da abu guda, wato wurin ɗora aikin. Benci ba ya shiga akwati. To idan mutumin ya sauka a wani ƙauye, aka kawo masa ƙofa ko tukunyar ƙarfe a gyara, a kan me zai yi aikin, kuma me zai riƙe masa shi kada ya gudu?

Wanda bai taɓa yanka katako a kan abin da ke rawa ba zai ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Zarto ba danna katako ƙasa yake yi ba, gaba da baya yake fizgarsa. Makankarin katako tura aikin yake yi ya yi gaba. Guduma kuwa sa shi tsalle take yi. Abin da aka ɗora aiki a kai dole ya ƙi motsi ta duk waɗannan fuskoki, in ba haka ba layi ya karkace, bakin zarto ya maƙale, wani lokaci ma yatsa ya tafi. Hanya mafi sauƙi ta hana abu motsi ita ce a ba shi nauyi. Amma abin da ya yi nauyi ba ya ɗaukuwa, mai ƙaramin aiki kuma shi ke zuwa wurin aikin, ba aikin ke zuwa wurinsa ba. Tarihin bencin kafinta gaba ɗayansa a tsakanin waɗannan bukatu biyu ya gudana.

Shi kansa akwatin Mästermyr ya nuna maginsa ya san matsalar. Ɓangarorinsa ba a tsaye ƙyam suke ba, sun ɗan kwanto ciki ta sama, don haka gindinsa ya fi bakinsa faɗi. Katakan gefe biyu kuma sun zarce ƙasan akwatin sun zama ƙafafu, ta yadda cikinsa ba ya taɓa ƙasa. Akwati irin wannan ba ya kifewa da wuri a cikin kwalekwale ko a kan amalanke, kuma ana iya zama a kansa.

Tun kafin nan da shekaru dubbai mutanen Masar sun bi wata hanyar. A 1920 wani mai haƙar kayan tarihi ɗan Amurka, Herbert Winlock, ya buɗe wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin Meketre, babban ma'aikacin fada da ya rayu kimanin shekara 4,000 da suka wuce a yankin Luxor. A ciki akwai ƙananan sassaƙe-sassaƙe na katako da ke nuna ayyukan gidansa, ciki har da rumfar kafintoci, wadda aka kai gidan tarihi na Alƙahira. A tsakiyar rumfar an kafa gungume a ƙasa, an ɗaure katako a tsaye a jikinsa da igiya, mutum ɗaya yana tsaga shi da zarto daga sama zuwa ƙasa. Sauran ma'aikatan suna zaune a ƙasa, wasu da gizago, wani da guduma da ƙarfen huda. A gefe ga akwati na ajiye kayan aiki. Babu benci ko ɗaya. Ƙasa ce ke riƙe gungumen, igiya na riƙe katakon, sauran aikin kuma jikin mutum ne ke riƙe shi.

Rumawa ne suka bar mana shaidar benci mafi tsufa da ake iya gani da ido. A garin Herculaneum, wanda dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, an sami zanen bango da ke nuna aikin zarto a kan wani gajeren benci. A sansanin sojan Rum na Saalburg kuma, kusa da Frankfurt a Jamus, an tsamo ainihin katakan irin wannan benci daga cikin tsohuwar rijiya, inda laka ta hana su ruɓewa tun ƙarni na biyu. Abin ba shi da wani ado: katako ɗaya ne mai kauri, an huda shi an cusa masa ƙafafu a karkace, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, a samansa akwai ramukan da ake soka turaku. Kafinta zai ɗora katakon da yake aiki a kai, ya tokare bakinsa da turke, ya hau ya zauna a kansa ko ya danne shi da gwiwa. Nauyin da ke hana bencin motsi na mai aikin ne, kuma idan an tashi, nauyin ya tashi da ƙafafunsa, a sungumi benci a wuce.

Wannan dabara ba ta mutu ba. Kafintocin Japan na gargajiya a ƙasa suke aiki, zartonsu da makankarinsu jawowa ake yi ba turawa ba, kuma sau da yawa ƙafa ce ke danne katakon a kan wasu gajerun matokarai. Akwatin kayan aikinsu dogo ne siriri, a kafaɗa ake saɓa shi. Mai karatu a ƙasar Hausa ma ba ya bukatar zuwa Japan ya ga haka. Masassaƙin turmi ko akushi a ƙasa yake zama, ya tokare icen da tafin ƙafa, yana juya shi yana sara da gizago. Maƙeri kuma kafa uwar maƙera yake yi a ƙasa, don bugun masaba ya wuce cikin ƙasa maimakon ya dawo masa a hannu.

Turai ta ɗauki wata hanyar daban, ta miƙe tsaye ta nemi nauyi. Wani littafin zane-zane na Martin Löffelholz, mutumin Nuremberg, mai ɗauke da shekarar 1505, ya nuna benci da mamatsai masu zare, irin waɗanda ake murɗawa su kama katako. Amma wanda ya kai bencin nauyi ƙarshe shi ne André-Jacob Roubo, kafinta ɗan kafinta a birnin Paris, wanda ya wallafa babban littafinsa a kan sana'ar, L'Art du Menuisier, kashi-kashi daga 1769 zuwa tsakiyar shekarun 1770, da zane-zane fiye da 300. Bencin da ya zana katako ne guda mai kaurin inci biyar zuwa shida, ƙafafunsa huɗu sun ratsa saman sun fito, babu abin da zai girgiza shi.

Kaurin nan ba don burga ba ne. Abin da ke riƙe aiki a bencin Roubo wani ƙarfe ne mai siffar lamba 7. Ana zura doguwar ƙafarsa a rami, a ɗora bakinsa a kan katakon, a buga masa guduma sau ɗaya a ka. Bugun zai sa ƙafar ta karkace ta cije a cikin ramin, bakin kuma ya danne aikin kam. In an gama, a buga shi ta baya ya saki. Cikin daƙiƙa biyu an kama, cikin daƙiƙa biyu an saki. Sai dai ba ya cijewa sai ramin yana da zurfi, ramin ba ya zurfi sai saman bencin yana da kauri, mai kauri kuwa sai ƙarti sun taru kafin a gusar da shi. Benci ya zama abin da ake gina rumfa a kewayensa, a gada daga uba zuwa ɗa.

Abin da ke tafiya da kafinta a wancan zamani akwatinsa ne. A Ingila akwai ɗaya da ya shahara saboda kusan ba a taɓa kayan cikinsa ba. A watan Disamba na 1796 Joseph Seaton, mai ƙera kayan ɗaki a garin Chatham, ya saya wa ɗansa Benjamin kayan aiki kimanin 200 daga shagon Christopher Gabriel a Landan, ɗan kuma ya ƙera musu akwati da hannunsa. Yana nan a gidan tarihi na Guildhall a Rochester. Irin waɗannan akwatuna wajensu fenti ne kawai, cikinsu ne ake ƙawatawa, domin waje shi ke shan duka: a kansa ake zama, a kansa ake ɗora katako a danne da gwiwa a yanka. Ba ya motsi don cike yake da ƙarfe. Amma kuma saboda wannan ƙarfen, sai mutum biyu sun kama kafin ya hau keken doki. Ga wanda za a kira ya rage ƙasan ƙofa ko ya sa kanta a bango, wannan ba mafita ba ce.

Matsalar ta tsananta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka sami sabon mai aiki wanda ba kafinta ba. A Ingila da Amurka kuɗin ɗauko ma'aikaci ya hau, mutane da yawa sun mallaki gidajensu, sai magidanta suka fara gyare-gyare da kansu a ranakun hutu. Kamfanin Black & Decker, wanda S. Duncan Black da Alonzo Decker suka kafa a Baltimore a 1910, ya fito da injin huda na lantarki don amfanin gida a 1946. A talabijin na BBC wani mai suna Barry Bucknell yana koya wa miliyoyin masu kallo aikin gida, har a 1962 ya ɗauki wani tsohon gida a unguwar Ealing ta Landan yana gyara shi mako-mako a gaban kyamara. Shagon B&Q na farko, mai sayar da kayan gyaran gida, ya buɗe a Southampton a 1969. Kayan aiki sun shiga kowane gida, amma gidajen ƙanana ne, babu inda za a girke benci. Mutane a kan teburin cin abinci da kujerun ɗakin girki suke yanka katako.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Ron Hickman. An haife shi a 1932 a Greytown, a lardin Natal na Afirka ta Kudu, ya zo Landan a 1954 da burin zana motoci. Ya fara da kamfanin Ford a Dagenham, sannan ya koma wurin Colin Chapman a Lotus, ƙaramin kamfanin da ya yi suna da motoci marasa nauyi. Hickman na cikin manyan waɗanda suka tsara motar Lotus Elan da ta fito a 1962. Ƙashin bayan wannan mota fallen ƙarfe ne da aka lanƙwasa ya zama kamar doguwar kwalbati a tsakiya, aka ɗora masa gangar jiki mara nauyi. Ƙarfinsa daga siffarsa yake, ba daga kaurinsa ba. Duk wanda zai fahimci abin da Hickman ya ƙera daga baya, sai ya tuna cewa a makarantar da ya fito, nauyi aibi ne.

A 1961 yana ƙera kabad ɗin tufafi a gidansa, ya ɗora katako a kan wata kujera mai tsada da aka yi a Suwidin, ya duƙufa yana bin layin fensir da zarto. Bai ankara ba sai da ya yanki kujerar tare da katakon. Daga wannan ɓarnar ya fara tunanin ƙaramin benci da za a naɗe a jingine a bango. Ya ɗauki shekaru yana gwaji, ya bar Lotus a 1967 ya rungumi abin gadan-gadan.

Abin da ya fito da shi, wanda aka sa wa suna Workmate, yana da dabaru uku, kuma ya kamata a dube su ɗaya bayan ɗaya domin kowacce tana maganin wata tsohuwar damuwa. Ta farko, ba a ɗaura wa bencin mamatsi ba, saman bencin ne kansa mamatsin. Katako biyu ne dogaye a jere, ɗaya a kafe, ɗaya yana matsowa. Duk abin da aka sa a tsakaninsu, ko ƙofa ce a tsaye ko bututu ko ƙafar kujera, an kama shi a tsakiyar bencin, daidai saman ƙafafunsa, ba a can gefe ba inda zai rinjaye shi. A tsohon benci mamatsi a baki yake, kuma nauyin bencin ne ke hana shi kifewa. Wanda ba shi da nauyi dole ya rungumi aikin a tsakiya.

Ta biyu ita ce ta fi nuna basira. Mariƙai biyu ne a gaba, kowanne da nasa dogon ƙarfe mai zare, kuma ba a haɗa su ba. Ana iya murɗa na dama a bar na hagu, katakon da ke motsi ya tsaya a karkace. Ke nan zai kama abin da gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, wanda mamatsi na yau da kullum zai cije shi a wuri guda ya bar sauran yana lilo. An kuma huda ramuka a saman katakan biyu, ana soka ƙananan turaku masu juyawa, su kama abu mai faɗi ko mai da'ira a kwance. Turakun nan jikokin na bencin Saalburg ne. A bakin katakan kuma an fafe kwari siriri don bututu ya kwanta kada ya mirgina.

Ta uku kuwa mataki ne a ƙasa, daidai inda ƙafar mutum za ta sauka. Mai aiki ya taka shi, ya jingina jikinsa, sai bencin da matashi zai ɗauka da hannu ɗaya ya sami ƙarin nauyin rabin mutum. Ƙafafun bencin a buɗe suke, sun fi saman faɗi, ana kuma iya naɗe su bencin ya rage tsawo don aikin zarto, ko a miƙe su don aikin da ake yi a tsaye. Wasu daga cikin samfuran farko har da ƙafa mai zare da ake murɗawa a daidaita a daɓen da bai kwanta ba. Mai zana motoci ya zagaya ya dawo inda kafintan Rum da masassaƙin turmi suke: jikin mai aiki shi ne nauyin da ba a biya kuɗinsa, kuma shi ke kai kansa wurin aiki.

Manyan kamfanoni ba su ga haka ba. Black & Decker ya ƙi karɓa da farko. Kamfanin Stanley ya amsa masa cewa cinikin da abin zai yi na dozin-dozin ne, ba zai kai ɗaruruwa ba, kuma Hickman ya adana wannan wasiƙa. Yana da sauƙi a yau a yi musu dariya, amma kuskurensu irin wanda ƙwararru ke yi ne. Sun auna abin da idon kafinta mai rumfa, wanda ke da bencinsa, wanda kuma zai ga Workmate bai kai rabin nasa ba. Wannan gaskiya ne. Ba a kankare dogon katako a kansa cikin daɗi, yana kuma tsalle in an sa masa babbar guduma. Abin da ba su lissafa ba shi ne yawan mutanen da ba benci za su kwatanta shi da shi ba, kujerar ɗakin girki ce.

Hickman ya kafa ɗan kamfaninsa, Mate Tools, a garin Hoddesdon da ke arewa da Landan, yana ƙerawa yana kai wa wuraren baje koli, yana sayar wa magina da masu gyaran gidaje hannu da hannu. Su ne suka fara gane amfaninsa, domin su ne kullum ke aiki a gidan wani. Da ciniki ya kankama, a farkon shekarun 1970 Black & Decker ya dawo ya karɓi izinin ƙerawa, aka fito da sabon samfuri mai ginshiƙan alminiyom. Zuwa 1981 an sayar da miliyan 10. Masu kwaikwayo suka taso ta ko'ina, Hickman ya yi ta shari'a da su. A ɗaya daga cikin shari'un, wadda lauyoyin Ingila ke kira Hickman v Andrews, an yi jayayya cewa abin ya yi sauƙin da bai cancanci haƙƙin mallakar ƙirƙira ba, tun da mamatsi da benci duk tsofaffin abubuwa ne. Kotun ɗaukaka ƙara a farkon shekarun 1980 ta tsaya a bayan Hickman. Hukuncin ya yi daidai. Katako biyu da zare biyu suna gaban kowane kafinta shekaru ɗaruruwa, ba wanda ya haɗa su haka.

Daga nan sunan ya haifi 'ya'ya. An yi ƙarami da ake ɗaurewa a kan tebur, an kuma yi wanda ake kira ShopBox, wato akwatin kayan aiki da aka mai da murfinsa ya zama katakan matsi biyu. A takarda wannan shi ne cikar buri: abin da mai akwatin Gotland ya rasa, ga shi an ɗora a kan akwatin kansa. A aikace kuwa tsohuwar matsalar ta sake leƙowa, kuma duk mai amfani da akwati a matsayin wurin aiki, ko na kamfani ne ko wanda ya ƙera da kansa, ya san ta. Akwati gindinsa ƙarami ne, babu matakin da za a taka. Yana da nauyi lokacin da ake ɗaukarsa, sannan da zarar an buɗe an fito da guduma da zarto da injin huda, sai ya zama fanko daidai lokacin da ake bukatar nauyinsa. In na roba ne a kan tayil ko siminti mai santsi, zarto na farko zai fara tafiya da shi.

Masu aikin sun san maganin, kuma ba sabo ba ne. Kayan da ba za a yi amfani da su ba a bar su a ciki, masu nauyi a can ƙasa. A sauke akwatin ƙasa maimakon a ɗora shi a kan tebur, domin duk abin da aka ƙara wa tsawo an ƙara masa saurin kifewa, kuma a ƙasa ne gwiwa za ta iya hawa kansa. A juya shi ta yadda zarto zai bi tsawonsa, ba faɗinsa ba, a kuma yanka kusa da inda aka matse, don abin da ya yi nisa da mamatsi karkarwa yake yi. In aikin turawa ne, a tokare ƙarshen akwatin da bango ko dokin ƙofa. Guntun roba ko tsohuwar tayar ciki a ƙarƙashinsa yana hana zamewa. Aikin guduma kuma a yi shi a kan kusurwa, inda bugun zai bi jikin akwatin ya sauka ƙasa, ba a tsakiyar murfi ba inda babu komai a ƙarƙashi.

Sai maganar rawa, wadda ta fi kowacce ba da haushi. Abu mai ƙafa huɗu ba ya zama daram sai a daɓen da ya kwanta sosai, irin wannan daɓe kuwa ba kowane gida ke da shi ba. Kullum uku ne ke taɓa ƙasa, ta huɗun tana reto. Dalilin da ya sa tukunya ke zama a kan duwatsun murhu uku ke nan ko da ƙasar ba ta daidaita ba. Mai akwati ba zai cire masa kusurwa ɗaya ba, don haka sai ya nemo wadda ke reto ya cusa mata weji, guntun katako mai siririn baki, ya buga shi har rawar ta tsaya. Ninkakken kwali yana yi na ɗan lokaci, amma yana lotsewa, kafin a gama aiki rawar ta dawo.

Wanda ya fi kowa iya zama da ƙaramin akwati a matsayin wurin aiki, mai gyaran takalmi ne da ke yawo a titunan Kano ko Legas ko Kumasi yana ƙwanƙwasa akwatinsa don a san ya iso. Akwatin gajere ne, a samansa an kafa ɗan katako daidai tafin takalmi. In goge ne, mai takalmin ya ɗora ƙafarsa, nauyinsa ya danne akwatin. In ɗinki ne, mai gyaran ya zauna ya matse takalmin tsakanin gwiwoyinsa. In ƙusa za a buga, ya fito da ƙarfensa ya ajiye a ƙasa, ba a kan murfi ba. Bai nemi akwatin ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa ba, ya raba aikin tsakanin akwati da ƙasa da jiki.

Hickman ya koma tsibirin Jersey a 1977, ya gina gidan da ya tsara da kansa, ya ci gaba da ƙere-ƙere, ko da yake babu wanda ya kama ƙafar Workmate. An ba shi lambar girmamawa ta OBE a 1994. A 2010 Stanley da Black & Decker suka haɗe suka zama kamfani ɗaya, Stanley Black & Decker, bencin ya shiga hannun duka kamfanonin biyu da suka taɓa mai da shi. Hickman ya rasu a watan Fabrairun 2011 yana da shekara 78, a lokacin an sayar da Workmate aƙalla miliyan 30.

Samfuran baya an rage musu tsada, ginshiƙan alminiyom suka koma fallen ƙarfe, roba ta ƙaru. Shi ya sa masu aikin hannu a Ingila da Amurka ke bin kasuwannin tsofaffin kaya suna neman na shekarun 1970. Abin da ke lalacewa a jikinsu yawanci katakan saman ne, waɗanda zarto ya sassara, fenti ya ɗige musu, ruwan gareji ya kumbura su. Gyaran ba shi da wuya: a kwance tsofaffin, a ɗora su a kan sabon falanki mai kauri a zana, a yanka, a huda ramukan turaku masu faɗin kimanin santimita 2 a inda na da suke, a shafa wa zaren man giris, a mayar da noti.